Tsohuwar Cikin Silaid na Bakwai

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, lokacin da Duba-gari ya turo ƙofa da kwamfutar ofis a hammata. Shekara ashirin da shida yana yawon leƙa kwata da juji, yanzu kuma da furfura ta cinye masa kai an ce sai ya tsaya gaban manya ya yi bayani da majigi kan ruwan da ke kwanciya yana haifar da sauro. An faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in bai gamsar ba, za a rufe sashensa.

'Yarsa Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a kwaleji, ita ke haɗa masa silaid, wato shafukan da majigin zai haska. Ta dubi rubutun da ya cunkusa ta yi dariya.

"Baba, wannan ai maganin barci ne. Bari in sa maka hoto mai motsi."

Ta ɗauki waya ta zagaya bayan gida, inda ruwan wanka ke taruwa gindin katanga. Uwarta ta ɗago daga keken ɗinki ta ce magariba ta kawo kai, ta bari sai da safe. Auta ba ta ji ba. Ta ɗauko hoton ruwan yana rawa da tsutsotsi, daƙiƙa uku kacal, ta sa shi a silaid na bakwai, in ya ƙare ya koma farko.

Suna cikin kallo dutse ya faɗo kan kwano. Suka kasa kunne. Wani ya biyo. Duba-gari ya leƙa titi da niyyar faɗa, bai ga ko kaza ba.

Daga ranar, kullum rana ta faɗi sai jifa ya fara, ba da ƙarfi ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jifan hannunsa ya mutu. Wani lokaci a ji nishi daga bayan gida, irin na tsohuwar da ta ɗauko kaya daga nesa. Duba-gari ya ci gaba da bitar bayaninsa, don ranar taro na matsowa, yana cewa masu jifan 'yan unguwa ne. Matarsa ta daina ɗinki da yamma. Abinci ya riƙa kwana a tukunya.

Rana ta huɗu Auta ta miƙe daga tabarma, ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta sunkuya tana miƙa hannu biyu ƙasa, ta ɗago, ta sake sunkuyawa. Idonta a buɗe, ba ta ganin kowa. Uwar ta riƙe ta, ta ji kamar ta riƙe turmi. Haka take yi tun faɗuwar rana har a idar da isha'i, sannan ta zube. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce gajiyar karatu ce. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, bayanta ya ƙage har ba ta iya ɗaura ɗankwali.

"Malam," in ji uwar ga mijinta a rana ta tara, "ni dai na gaji. Ka je ka taho da Alaramma."

Alaramma dattijo ne mai ciwon gwiwa, ba ya son yawan magana. Ya iso bayan sallar magariba, ya zauna kan kujera, ya daɗe yana kallon yarinyar tana sunkuyawa tana ɗagowa. Sannan ya fara karatu a hankali, yana tofawa a kofin ruwa. Jifan ya tsaya. Da ya yayyafa mata ruwan, bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce.

"Kada ka ƙona ni, Malam. Ko ƙarfin ihu ba ni da shi."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Gindin katangar can muke tun ba a aza tubalin gidan nan ba. Na sunkuya zan ɗauki jikana, sai ta haska ni da abin hannunta. Tun ranar nake sunkuyawa. Hannuna ya kusa kai gare shi, sai a mayar da ni farko. Kwana tara yaron yana kuka a ƙasa."

Alaramma ya juya ga maigidan. Duba-gari ya buɗe kwamfutar, ya kai silaid na bakwai. A gefen hoton, inda bai taɓa lura ba, wata inuwa na sunkuyawa tana ɗagowa, daidai da Auta, ba gaba ba baya.

"Ku fasa akwatin," in ji muryar. "Ita kuma ta yi mini kwana tara nan gaba, ta ji yadda na ji."

"Akwatin ba nasa ba ne, amana ce," in ji Alaramma. "Yarinya kuma ba ta gan ki ba. Wanda bai gani ba, ba a yi masa hukuncin mai ganganci. Kin azabtar da ita kwana shida, ki ji tsoron Allah. Za a goge hoton, ki fita, ki yi alkawari ba ke ba ita."

Auta ta sunkuya, ta ɗago.

"Duk inda yake?" in ji muryar.

"Duk inda yake," in ji Alaramma.

Duba-gari ya tsaya da yatsa a sama. Taron gobe ne, kuma shugabansa ya ga silaid ɗin ya ce shi kaɗai ne mai rai a ciki. Matarsa ta zuba masa ido. Ya goge na kwamfuta, ya goge na 'yar filas ɗin da yake adana aikin ofis a ciki, ya goge na wayar Auta. Ya kira sakatariyar ofis, wadda ya tura wa kwafi, ya yi ta roƙonta tana tambayar dalili har ta goge nata.

Auta ta sunkuya, wannan karon hannuwanta suka kai ƙasa. Ta tattaro wani abu da ba a gani, ta rungume a ƙirji, ta sauke doguwar ajiyar zuciya.

"Yi shiru, ga ni," in ji muryar, can ƙasa-ƙasa.

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta.

Washegari Duba-gari ya yi bayaninsa da rubutu zalla. Manya suka yi ta duba agogo, aka ce za a neme shi. Bayan wata biyu aka haɗe sashensa da na kwasar shara, aka ba shi tebur kusa da ƙofa. Ranar da takardar ta fito ya dawo gida a ƙafa, ya tarar da Auta zaune, uwarta na shafa mata man zafi a baya, yarinyar na cin abinci tana ƙorafin gishiri ya yi yawa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya wanke hannu, ya ce wa Auta ta matsa masa.