Wa Ya Sare Kan Marigayi Genzo?

Da hantsi wata dattijuwa mai suna Oshige ta shigo ofishin 'yan sanda na Asakusa, ta durƙusa gaban Sufeto Hatano.

"Ranka ya daɗe, an sace mini miji."

Mijin nata, Tatsuno Genzo, ya riga ya rasu, kuma Sufeto ya sani, don tun yana ƙarami yake kallonsa a dandalin wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki. Abin da ya ɓace allon katako ne da aka sassaƙa surarsa a kai, wanda ake shafa wa tawada a buga hoto. Genzo ne ya sa aka yi masa, ya ba Mibu mai buga hotuna ajiya. Da shi za a buga hoton makoki a raba wa masoyansa ranar addu'a. Ba ta da wani hoton nasa, gobara ta cinye sauran.

A shagonsa Mibu ya tarbi Sufeto da shayi da kukan da babu hawaye.

"Ɓarayi ne, Yallabai. Ta baya suka shigo."

Sufeto ya duba ƙofar bayan. Sakata lafiya lau, har da yanar gizo. Allunan da ake ƙara wa hoton launi da su suna nan a jere, na baƙin zane mai ɗauke da fuska ne kaɗai ya yi ƙafa. Ya shafa ɗaya, yatsansa ya fito ja.

"Allon da ke ajiye, me ya jiƙa shi?"

"Raɓa ce, Yallabai."

"Raɓar gidanka ja ce ke nan."

A layin gidajen wasa ya iske mutane suna rububin sabon hoton Shinnojo, saurayin da ya gaji rawar Genzo. Hatimin Mibu ne a jiki. Sufeto ya ƙura wa hoton ido. Fuskar ta saurayi ce, amma ɗan ƙaramin yatsan hagu a karkace yake. Duk wanda ya taɓa kallon Genzo ya san wannan yatsa, tun ranar da ya faɗo daga dandali ya karye. A wuya kuma ga wani siririn farin layi.

Ya sami Shinnojo a ɗakin kwalliya yana shafa farar hoda.

"Wa ya zana ka?"

"Zama na yi aka zana ni, daga kai har ƙafa."

"Miƙo hannunka na hagu."

Yatsu biyar, kowanne a miƙe sumul. Saurayin ya sunkuyar da kai.

"Mibu ya ce fuska kawai yake buƙata, jiki yana da shi."

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Tsohuwar dabara ce ta masu buga hotuna: in ɗan wasa ya sauya, sai a sare kansa daga allo, a cusa sabon katako, a sassaƙa fuskar wani. Amma a allonka ake yi, ba a amanar mamacin da ko turaren makokinsa bai mutu ba. Rashin kunya ma ai tana da iyaka!

Ya koma shagon tare da Oshige, ya shimfiɗa hoton a kan tebur gaban Mibu.

"Ina kan?"

"Wane kai, Yallabai?"

Sufeto ya doki teburin. Teburin ya yi gefe, wani guntun katako ya zamo daga ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ɗauka, ya juya. Ido ɗaya, gira, da rabin baki.

Mibu ya zube ƙasa.

"Ni ne. Amma a duba, Yallabai, mamaci ba ya ciniki! Yaron nan mata ke so. Kowa a sana'ar nan yana yi."

"Kowa yana tokare tebur da fuskar mutumin da ya amince masa? Ina ɗaya rabin?"

Mibu ya saci kallon tokar murhun da aka dafa shayi.

Sufeto ya ɗaure masa hannu da igiya da kansa.

"Ta layin gidajen wasa za mu bi, kowa ya ga taka fuskar."

Oshige ta karɓi guntun da hannu biyu, ta share masa ƙura da hannun rigarta.

"A buga wannan ɗin haka, ranka ya daɗe," ta ce. "Masu sonsa za su gane shi."