Alayyafon Bayan Ɗakin Baba

"Ka rantse!" in ji Farhana.

"Na rantse tun ɗazu," in ji Rafi'u. "Sau nawa ake rantsuwa a gidan nan?"

"Wa ya ce zai zuba wa lambuna kananzir?"

"Ni na faɗa. Ruwanki ya jiƙa mini katako, raina ya ɓaci. Baki ne kawai."

Yusif yana jingine da famfon tsakar gida. Farhana ƙanwarsa ce. Ita ta mai da bayan ɗakin kakansu lambu: ayoyo da yakuwa da barkono a buhunan siminti, alayyafo kuma a fangali guda a ƙasa. Tana rubutu a shafinta, tana sa bidiyo, tana koya wa matan Zangon Kumasi su ci abin da hannunsu ya shuka. Yusif ke riƙe mata waya in ya taso daga shagon gyaran wayoyi. Yau aka wayi gari babu alayyafon, ko ganye ɗaya.

"Kafin la'asar fuskarka tana shafina," ta ce wa Rafi'u. "Ɓarawon ganye. Mu ga wanda zai ƙara ba ka aikin kujera a Anloga, unguwar kafintoci."

Rafi'u ɗan haya ne, kafinta, ba shi da kowa a garin sai sunansa.

"Ki jira ni," in ji Yusif.

Ya zaga bayan ɗaki ya tsuguna. Buhuna suna nan lafiya. Tiyon ban ruwa, wanda Rafi'u ya fi tsana, yana naɗe a ƙusa. Fangalin kaɗai aka taɓa. Ba a tattake shi ba. An cire shukar har saiwa, an lallaɓa ƙasar da tafin hannu, an yayyafa ruwa. A gefe akwai sawu, ƙafa ce tsirara.

Ya dawo. "Rafi'u, ka taɓa yawo ba takalmi?"

"Kafinta? Ƙusa za ta gaya maka."

Yusif ya fita bakin titi wajen Rakiatu mai ganye. Tun da Farhana ta rubuta cewa da ruwan kwata ake ba wa ganyen kasuwa ruwa, ba su ƙara gaisawa ba.

"Anti Rakiatu, ya ciniki?"

"Ka tambayi ƙanwarka. Ita ta kashe shi."

"An kwashe mata alayyafo."

"Allah Ya ƙara." Ta tura masa tire. "Duba. Nawa kore ne, daga Oforikrom ake kawo mini. Nata mai jan kara ne, duk Zango sun gani a waya. In da ni ce, ai da yanzu ya zama miya a gida bakwai. Je ka leƙa babbar kwata, na ga wani buhu da ganye a bakinsa."

Ya je. Buhun ya maƙale a ƙarƙashin gada. Ya jawo shi da sanda. Jan kara, da saiwarsa. An ɗaure bakin da kyau. Wanda ya yi wannan bai so a sayar ba, bai so a ci ba.

Ya zauna a kan bulo, ya buɗe shafin Farhana. Bai kalli ƙanwarsa ba, bayanta ya riƙa kallo. A bidiyon da take koyar da tsinkar ayoyo, kakansu Baba Munkaila ya wuce da buta. Da ya iso kusa da fangalin sai ya tsaya, ya zare silifa, ya zagaye, ya sake sawa. A wani bidiyon ma haka. A wani kuma yana tsaye daga nesa, leɓensa na motsi.

Yusif ya rufe shafin. Shi ya ɗauki hotunan nan duka, bai taɓa lura ba.

A bakin madafa ya tarar da kakarsu, Mma Habsa, tana tsince shinkafa.

"Angona, an kama ɓarawon?" ta ce. "Allah Ya isa. Tun da nake ban ci alayyafo mai daɗin wannan ba. Kakanka ne dai ya ƙi. Tun da ya dawo daga Gaya, sai tuwo da busasshiyar kuɓewa, kamar mai jinya."

"Yana Gaya aka shuka?"

"Ƙwarai. Ya dawo ya tarar ya yi girma."

Baba Munkaila yana zaure da carbi. Yusif ya durƙusa, ya gaishe shi, ya ajiye buhun a tsakaninsu. Tsohon bai dube shi ba.

"Baba, mai jin haushi da buhuna zai fara, su suka fi kusa da ƙofa. Ɓarawo ba ya jefar da kaya. Wanda ya yi aikin nan ya cire takalmi, ya gyara ƙasa, ya yayyafa ruwa. Na ga inda ake yin haka. Ranar da muka kai babanmu maƙabartar Tafo."

Carbin ya tsaya.

"Rafi'u za a kira ɓarawo," in ji Yusif. "La'asar ta kusa."

"Ka ce mata akuya ce."

"Akuya ba ta ɗaure buhu, Baba."

A waje ɗan kwandastan motar haya, trotro, yana ta kiran masu zuwa Aboabo. Sai tsohon ya dafa bango ya miƙe, ya shiga tsakar gida. Farhana na zaune da waya a hannu, hoton Rafi'u a buɗe. Rafi'u na bakin ƙofarsa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ajiye wayar," in ji Baba. "Ni na cire. Rafi'u, ka yafe mana."

Farhana ta miƙe. "Kai, Baba? Me ya sa ba ka ce in cire ba?"

"In na ce ki cire, za ki ce don me." Ya yi ƙasa da murya. "Haihuwar fari ta kakarki ba ta zo da rai ba. A wancan zamanin ba a kai irin wannan maƙabarta, ba a kuma nuna wa uwa. Ungozoma ta miƙo mini a farin ƙyalle. Ni na haƙa, nan bayan ɗaki. Da ta farfaɗo aka ce mata an kai Tafo. Kwanan nan na je Gaya na dawo, na tarar da ganye a kai. Na ga an tsinka, an dafa. Na ga ta ci, tana lashe hannu."

Farhana ta toshe baki da mayafi. Yusif ya karɓi wayar ya goge hoton. Rafi'u ya ce, "Inna lillahi," ya shige ɗaki a hankali, ya ja labule.

Ba wanda ya ji tahowar Mma Habsa. Tana tsaye bayansu, tiren shinkafa a hannunta, bai ko karkata ba. Ba ta dubi mijinta ba. Hanyar bayan ɗaki take kallo.

"Malam," ta ce, "mace ce ko namiji?"