Faifan da Kanari Ta Mayar

"Ɗage allurar nan! Na ce ka ɗage ta!"

Mai kamfanin faifai ya yi wuf ya ɗage allurar garmahon, kiɗan disko ya yanke ɗif. Kanari ta dafe ƙirji. Shekararta sittin da uku, amma muryar da ta gama cika ofishin ta yarinya ce 'yar ashirin da biyu, kuma tata ce.

"Mama, lafiya?"

"Ba ka ji ba? A waƙar ƙarshe muryata ta fashe!"

"Ɗan kaɗan ne. Ni wallahi daɗi ma ya yi min..."

"Kai ka yi waƙar ko ni?"

Faifan gwaji ne, guda ɗaya da masana'anta ke fara bugawa, mai waƙa ya saurara ya sa hannu kafin a buga sauran. Mutumin ya yi mata bayani a tsanake: za a iya yanko wurin daga wani ɗaukan a liƙa, amma sai an sake yanka faifan tun daga farko, a sake bin layi a masana'anta. Wata uku, in an yi sa'a.

"A bi layin," ta ce, ta ture biron. "Kuma kada kunnen kowa ya ji. Har da shi."

Shi ɗin yana zaune a benci a waje, bakin ƙofa, ya rungume sandarsa. Dogo ke nan, mai kaɗa mata jita a da, wanda ya raɗa mata sunan Kanari.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da suka ɗauki waƙoƙin nan takwas, suna tsakiyar soyayya. Yayanta ya rantse ƙanwarsa ba za ta auri makaɗi ba. Duk da haka da sun jure, ba don 'yar amshinta ba, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Dogo. Ita ta kwashe zaren tef ɗin daga situdiyo ta ɓoye. Ta ce wa Kanari Dogo ya sayar, ta ce wa Dogo Kanari ta sa an goge. Su kuwa sarakan zuciya, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Kanari ta daina waƙa, ta yi aure, mijin ya rasu. 'Yar amshin ba ta samu Dogo ba, ba ta kuma faɗi gaskiya ba, sai bara da ciwo ya kwantar da ita ta aiko da kwalin tef ɗin da wasiƙar neman gafara.

Ranar da suka sake haɗuwa sun yi kuka kamar yara. Suka sa rana: makon da faifan zai fito, a makon za su yi aure.

"To, Kanarina?" Dogo ya miƙe da ƙyar da ya ga ta fito. "In shigo in ji?"

"An mayar da shi."

"An mayar?"

"Akwai gyara. Wata uku ne kawai."

Ya daɗe yana kallonta.

"Wurin da muryarki ta fashe ne, ko? Na tuna. Ni na kalle ki, kika rikice."

"Kai dai ba ka da kunya har yau!"

"Ki bar ni in ji shi haka, masoyiyata. Ko sau ɗaya."

"A'a, Dogona. Shekara arba'in kana jira, sannan in ba ka abu mai tabo? Wanda ya jira arba'in, wata uku zai gagare shi?"

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya yi murmushi ya rufe.

"Shi ke nan. Yadda kika ce."

Da ta kalle shi da kyau, da ta ga yadda ƙafafunsa suka kumbura har takalmin ya ƙi rufuwa. Amma hankalinta yana kan muryarta. Son shi ne ya sa ta, wannan gaskiya ne. Girman kai ma yana ciki, shi ma gaskiya ne.

Kullum yana kiranta a waya da hantsi. In ta ce me ya sa numfashinsa ke sama-sama, sai ya ce matakalar bene ya hau. Ta yarda, alhali ta san gidansu ba bene.

Saura kwana tara faifan ya iso, ƙanwarsa ta kira.

"Yaya... Yaya Dogo ya tafi."

"Ya tafi ina?"

Kukan da ta ji a wayar ne ya ba ta amsa.

Ciwon zuciya ne. Likita ya gaya masa ciwon ya yi nisa tun kafin ranar faifan gwajin, shi kuma ya hana kowa ya faɗa mata, wai kada ta sa hannu a kan abin da ranta bai so ba don tausayinsa.

Ranar da kwalin faifan ya iso, mai kamfanin da kansa ya kawo mata, ya kasa haɗa ido da ita. Ga hotonta a bangon faifan da gashi buzu-buzu, ga Dogo a bayanta rungume da jita. Ba ta zauna ba, ta ɗauki guda ta nufi gidan su Dogo.

Ƙanwar ta buɗe mata ɗakinsa. An gyara gado, kwalaben magani a jere a kan taga. A tsakiyar ɗakin ga garmaho a kan tebur an rufe shi da tawul, da kujeru biyu suna fuskantarsa.

"Da kansa ya gyara shi," in ji ƙanwar tana share ido. "Kullum sai ya goge shi. Ya ce kujerar nan mai matashi taki ce, saboda bayanki."

"Ni na hana shi ji..." Kanari ta faɗa, muryarta na karyewa. "Ya roƙe ni, sau ɗaya kawai ya ce... ni na hana shi!"

"Yaya, ki yi haƙuri. Bai riƙe ki ba."

"Ni na riƙe kaina."

Ƙanwar ta ja ƙofa ta fita. Kanari ta ɗora faifan, ta sauke allurar, ta zauna a kujerarta. Ganga ta fara, sai ga jitarsa ta shigo, da ƙarfinta, da ranta, kamar yanzu yake kaɗawa. Ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka har waƙoƙi huɗu suka ƙare.

Allurar ta kai ƙarshen gefen farko, ta ci gaba da zagayawa tana ƙas, ƙas, ƙas. Kanari ta juya ta kalli ɗaya kujerar.

"Dogo," ta ce a hankali, "tashi ka juya mana shi."