Shayin Gidan Tsoho Gong

Gari bai gama wayewa ba, sanyin Peking na yanka kunne, ruwan da ke gindin ganuwa ya daskare. Tao Yunsheng na tsaye, fuskarsa na kallon bango, yana jan murya kamar yadda ya saba kowace asuba. Siririyar murya ce mai hawa sama, wanda bai gan shi ba sai ya rantse budurwa ce. Da ita yake fitowa a matsayin mace a gidan wasan waƙa, da ita yake ciyar da uwarsa da ƙannensa mata.

"Sannu da kuka, amarya," aka ce a bayansa.

Wanru ce, 'yar Tsoho Gong mai awara. Ta sauke sandar dako daga kafaɗarta, bokitan madarar waken suya na ta tururi.

"Kin katse ni daidai inda mijin ya tafi yaƙi," ya ce.

"Kullum tafiya yake, kullum kina kuka. Ki sake miji mana."

Ya yi dariya. Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta.

"Yaya Yun... Baba ya sauko. Ya ce bai taɓa zaton surukinsa zai fi 'yarsa iya shafa jan baki ba, amma ka zo gobe da hantsi. Da hannunsa zai zuba maka shayi. In ka sha, magana ta ƙare."

"Shayi kika ce?"

"Shayi. Ba guba ba."

Ita ta yi dariya, shi bai yi ba. Tun da suka saba bai taɓa kurɓar madararta ba, ita kuwa ta ɗauka yangar mawaƙa ce kawai.

A gida ya tarar da Inna tana ɗauraye 'yar butarsa ta yumɓu. Mawaƙi ba ya shan abin da bai fito daga butarsa ba. Ko a tsakiyar wasa maƙogwaro ya bushe, wanda ya amince da shi kaɗai ke miƙo masa bakinta. Ta Yunsheng a hannun Inna take, cikin rigarta take ɗumama ta.

Ubansa ma irin wannan muryar gare shi. Wani amininsa ya ba shi shayi a gidan biki, ya wayi gari murya ta dishe, ba ta ƙara dawowa ba. Ya ƙare a jan keken fasinja har tari ya kashe shi. A gaban allon da aka rubuta sunan mamacin don tunawa da shi, Inna ta sa Yunsheng ya durƙusa ya yi rantsuwa, ba zai sha daga hannun kowa ba.

"Inna, kurɓa ɗaya ce fa."

"Shi ma ubanka kurɓa ɗaya ya yi."

"Mai awara ne, Inna. Me ya haɗa shi da muryata?"

"Ba shi ne ya ce ba ya son suruki mai waƙar mata ba? In muryar ta tafi, ai ya samu wanda zai juya masa dutsen niƙa."

"Inna..."

"Ban ce zai yi ba. Na ce ban sani ba. Kai ka sani?" Ta nuna ƙannensa da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa. "Dube su tukun, sannan ka amsa min."

Ya juya ya dubi ƙannen nasa.

Washegari ya sa doguwar rigarsa mai launin toka ya tafi. Inna ta biyo shi, ta ce a bakin ƙofar gidan za ta tsaya, ba za ta shiga ba.

Tsoho Gong ya karɓe shi a ɗakin da ke bayan shago, ko'ina na ƙamshin dafaffen wake. Ya ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Ashe in ka wanke fuska namiji ne."

"Haka ake cewa, Baba."

Tsohon ya kusa murmushi. Ya jawo buta ya cika ƙaramin kofi, ya tura masa da hannu biyu. A ƙarƙashin labule Yunsheng na ganin takalman Wanru.

Ya ɗauki kofin. Ɗuminsa ya ratsa tafinsa, ƙamshin furen da ke ciki ya doki hancinsa. Ya kai shi har leɓe... sai ya ji tari daga waje. Ɗan guntun tari ne, na tsohuwar da ke tsaye cikin sanyi da buta a ƙirjinta.

A hankali ya ajiye kofin.

"Baba, ka gafarce ni. Akwai rantsuwa a kaina... ba na sha sai daga butata. In ka yarda in karɓo ta a zuba a wannan kofin..."

"Ka karɓo taka." Tsoho Gong ya gyaɗa kai. "A gidana. Me kake zaton na sa a ciki?"

"Ban zaci komai ba, Baba."

"Duk unguwar nan daga hannuna suke ci, har jarirai. Na danne zuciyata na ce in ba ka 'yata, kai kana tsoron kofina?"

Ya ɗauki kofin ya shanye, ya kife shi a kan tebur. Takalman da ke ƙarƙashin labule suka ja da baya.

Kwanaki Wanru ba ta bi ta ganuwa ba. Ranar da ta zo, ba ta sauke sandar ba.

"Wanru, masoyiyata, ki saurare ni. Ubana..."

"Na ji labarin. Na yi masa kuka ma." Ta dube shi. "Ni na dafa shayin nan, Yaya Yun. Tun bazara nake shanya furen."

Ta gyara zaman sandar a kafaɗarta.

"Baba zai huce, na san shi. Ni ce ba zan iya ba. In na shigo gidanku, wa zai riƙe butar?"

"Inna... har zuwa wani lokaci."

"Ka gani? Zan dafa, a ture. Zan haifa maka 'ya'ya da wannan jikin, amma hannuna abin tsoro ne." Ta share ido da bayan hannu. "Ka riƙe muryarka. Tana da daɗi, ban taɓa faɗa maka ba don kada kanka ya kumbura."

Ta tafi, bokitan na lilo.

Sunansa ya yi ta girma. Duk ranar da ya rera waƙar matar da mijinta ya tafi yaƙi, mata na kuka a benen gidan wasa, ana cewa ba a taɓa jin mai rera ta haka ba. Ya aurar da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya. Ya ji Wanru ta auri wani kafinta. Sannan Inna ta rasu, butar ta dawo hannunsa, bai ba kowa ba.

Bai bar zuwa ganuwa ba. Sai dai yanzu a kan dutse yake ajiye butar, kafin ya gama jan murya ta yi sanyi ƙalau, haka yake sha.

Wata asubar hunturu ya gama ya juyo, ya ga butar a naɗe cikin wani tsohon mayafin wuya mai auduga a ciki. An bar murfin a waje, kamar ana so ya ga ba a taɓa shi ba. Can nesa wata mata na tafiya da sandar dako a kafaɗa, wuyanta a buɗe cikin wannan sanyin.

Ya buɗe baki zai kira ta, wannan muryar da ke kaiwa ƙarshen gidan wasa ta ƙi fita.

Ya durƙusa ya ɗauki butar da hannu biyu. Da sauran ɗuminta.