Fuska Mai Hawaye Biyu

Tun da aka kai Malam Hayatu makwancinsa, Hajjo ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta leƙa tsakar gida ta koma, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta nufi wajen mata masu dahuwar sadaka, suna ganinta kowace ta juya mata baya. Wayyo Allah, marainiyar Allah! Gidan surukanta na Ƙofar Dundaye cike yake da masu ta'aziyya, amma ko amsa mata sallama ba a yi. Ɗiyarta Ihsan ma da ke shan nono an ɗauke ta an kai ɗakin Lubna, yayar mijinta. Tana jin kukan yarinyar ta bayan bango, ƙirjinta ya cika yana zogi, ba halin zuwa.

Laifin nata kuwa? Da aka sanar da rasuwar a zauren dangi na waya, kowa ya rubuta addu'a. Ita Hajjo ba ta iya rubutun boko ba, ɗiyar manoman shinkafa ce da iyayenta suka rasu tana ƙarama, Malam da kansa ya nema wa ɗansa Junaid aurenta. Sai ta tura 'yar fuskar nan rawaya mai hawaye biyu, har guda uku. Kafin a gama jana'iza magana ta zagaye dangi daga Ƙofar Taramniya har Hubbare: baƙauyar nan ta yi dariyar mutuwar Malam!

"Baban Ihsan, wallahi kuka nikai... ka dubi hawayen da ag ga huskan nan!" Haka ta riƙe gefen rigar Junaid tana roƙonsa.

"Ubana na yam mutu, Hajjo. Ubana!" Ya fizge wayar daga hannunta, idonsa jawur. "In an ka yi sadakar bakwai ki tahi gidan kawunki. Ihsan nan za ta zamna."

Ta so ta ce Yaya Lubna ce ta nuna mata, amma wa zai yarda? Lubna ce ke kuka fiye da kowa a gidan, ita ce kuma ta fara ɗaga maganar. Dama can ta tsani yadda Malam ke cewa furar Hajjo kaɗai ke shiga cikinsa, kuma da ciwo ya kwantar da shi sunan Hajjo yake kira, ba na 'ya'yan cikinsa ba. Ko kukan mutuwar ma Hajjo ba ta samu ta yi ba, don da zarar ta fara sai ta ji an ce munafuka. Sai ta shige bayan ɗaki ta toshe baki da mayafi. "Ya Allah kai kas san zuciyata... Ya Allah kar ka raba ni da ɗiyata!"

Ranar sadakar bakwai, ta riga ta ƙulle kayanta a zane, Inna Mariyatu, uwar Junaid, da ke ɗakin takaba ta aika a kira su duka. Tsohuwa ce da ba ta taɓa riƙe irin wayar nan ba.

"Ku nuna min abin da an ka ce ta yi."

Junaid ya buɗe wayar Hajjo ya miƙa. Inna ta kai ta dab da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Wagga aba ai kuka takai. Ga hawaye nan ɓangare biyu."

"Haba Inna, dariya ta!" Lubna ta yi caraf. "Kowa ya sani."

"Ni da nih haihe ki ban sani ba. To ita wa ya koya mata?"

Hajjo ta sunkuyar da kai. Inna ta ce wa Junaid ya duba da wa ta yi magana a ranar. Yana dubawa sai ga saƙon murya, ya danna. Muryar Hajjo ce ta fara fita cikin shessheƙa: "Yaya Lubna, don Allah wace ta ta kuka? Ina son su san ina jin zahin rashin Baba..." Sai ga muryar Lubna a sanyaye: "Ta hwarko, mai hawaye biyu. Ki sa ukku."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Mata suka ɗauki salati. Lubna ta miƙe tana inda-inda, wai wasa ne, wai ita ma ruɗewa ta yi.

"Gawar ubanki na kwance kin ka yi wasa?" Inna ta nuna ƙofa da carbi. "Hita. Kar ki sake ce min Inna sai ran da yarinyag ga ta yahe miki."

A gaban Lubna Junaid ya tura saƙon muryar zuwa zauren dangi, inda aka ci mutuncin Hajjo. Lubna ta ratsa tsakar gida da mayafi a fuska, matan da suka juya wa Hajjo baya yanzu ita suke bi da tofin Allah tsine. Junaid kuwa da kansa ya je ya ɗauko Ihsan, ya durƙusa ya ɗora ta a cinyar uwarta, ya kasa ɗaga ido. "Ki yahe min, Hajjo... ki yahe min."

Hajjo ta rungume ɗiyarta ta sa mata nono, tana ta haɗiye kukan kamar yadda ta saba a kwanakin nan. Inna ta jawo ta ta kwantar da kanta a kafaɗarta.

"Bar ɓoyo, ɗiyata. Ubanki na, ke ma. Yi kukanki nan, kowa shi gani."

Sai a lokacin Hajjo ta saki murya ta yi kukan Malam.