Maɓallin Rigar Baba Tela

Tunda Auta ta dawo daga makaranta ta kasa zama waje ɗaya. Ta ajiye jaka, ta leƙa waya, ta kife ta, ta buɗe littafi ta rufe, ta sake leƙa wayar. Yayarta da ke ninke wanki a bakin gado ta gaji da kallonta.

"Ke, ko ki zauna ko ki fita, kina sa ni jiri. Dogon ne bai kira ba?"

"Ya kira," in ji Auta. "Ummansa ta ce a dakata da maganar aurenmu. Wai ba ni da imani."

Auta tana ajin ƙarshe a sashen gashin ƙashi na jami'ar gwamnati, inda ake koya musu yadda za su farfaɗo da hannu ko ƙafar da ciwo ya kwantar. Dogo kuwa mai gyaran firiji ne, shi ya yi ta jigilarta a babur tun tana ajin farko, har magana ta kai ga manya. Ana cikin haka mahaifinsa, Baba Tela, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mutanen gidan suka zuba masa so kamar za su haɗiye shi: a ba shi abinci a baki, a sa masa riga, ko ƙuda ba a bari ya kora da kansa.

Ran da Auta ta je gaishe shi, Umma na kicin. Ta tarar da tsohon yana fama da maɓallin rigarsa, yatsun dama na karkarwa. Zuciyarta ta ce ta miƙa hannu, amma ta tuna dokar malamarsu a asibitin koyarwa: muddin majinyaci na gwadawa, ɗalibi ya mai da hannayensa baya. Ta durƙusa, ta harɗe hannu a baya.

"Baba, saura kaɗan. Sake gwadawa."

Haka Umma ta shigo ta same su, mijinta na gumi, surukar gobe ta zuba masa ido. Ta dire faranti, ta sa maɓallin da kanta, ta nuna wa Auta ƙofa.

Washegari Dogo ya tare ta a bakin ɗakin lakca, idonsa jawur.

"Maɓalli ɗaya, Auta — me zai rage ki?"

"In na sa masa yau, gobe ma sai an sa masa. Hannun nan bai mutu ba, Dogo, mantawa yake yi. In kun ci gaba da yi masa komai, zai manta gabaɗaya."

"Ni dai sori kawai za ki ce. Ki ce wa Umma kuskure kika yi, shi ke nan."

"Haƙuri zan ba ta, don na ɓata mata rai. Amma in na ce kuskure ne, na cuci Baba. Ku kawo shi wajen malamarmu, don Allah, ni ɗaliba ce kawai."

Ta je ta ba da haƙurin, har ƙasa. Umma ta juya mata ƙeya.

"In kai shi inda ake koya wa yara bushewar zuciya? Tashi, 'yar nan, ina da aiki."

Daga nan kiran Dogo ya fara ja da baya. Auta ta rame. A lakca ta zauna kamar a kan ƙaya, a asibitin da aka tura su koyon aiki kuwa duk tsohon da aka turo a keke sai gabanta ya faɗi. Sau nawa ta ɗauki waya za ta ce wa Dogo ta yarda, laifinta ne, sai ta tuna yatsun nan masu karkarwa, ta ajiye. Tana son Dogo kamar ranta, kuma tana tsoron rasa shi, wannan ba ta ɓoye wa kowa ba. Yayarta ta sha goge mata hawaye tana cewa, "Ke da taurin kai kamar an haife ku tare."

Wata safiya Auta tana jera sandunan koyon tafiya a asibitin sai ga Dogo ya turo Baba a keke, Umma na biye fuska a murtuke. Ashe tsohon ne ya rufe baki ya ƙi karɓar abinci sai an kawo shi.

"Ni tela ne," ya ce wa matarsa, harshensa na nauyi. "Rigunan mutane nawa na sa wa maɓalli? Kowa tausayina yake ji. Yarinyar nan kaɗai ta ɗauke ni mutum."

Malama ta karɓe shi. Duk sanda cokali ya suɓuce masa Umma ta yi wuf za ta ɗauka, sai Malama ta ce, "Hajiya, hannu baya." Umma ta harari Auta, Auta ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. Aka ɗauki watanni a haka, ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba.

Ran da Auta ta gama jarrabawar ƙarshe, ta dawo gida ta tarar da baƙi a falo. Baba ne zaune da sandarsa, Dogo na ta murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta. Rigar Baba a karkace take, ya tsallake ramin maɓalli ɗaya, wuyan ya ɗage gefe.

"Da kaina na sa," in ji shi. "Na zo ne a ci gaba da maganar da aka dakatar."

Auta ta dubi Umma. Idon Umma na kan wuyan rigar, yatsunta na ƙaiƙayi, amma ta harɗe hannayenta a baya, hawaye na bin kumatunta.

"Zo nan, 'yata," ta ce. "Ashe riƙe hannu ya fi miƙa shi wuya. Ki yafe mini."

Auta ta faɗa jikinta tana kuka. Haƙurinta ya dawo mata da Dogo, ya ƙara mata da uwa. Ba duk mai yi maka komai ne ya fi son ka ba. Wani saboda so yake janye hannunsa, ya jure zargi, har ka tsaya da ƙafarka.