Numfashin Saifullahi

"Ajiye kaskon nan, Hamdiya!" in ji wata daga cikin matan ɗakin.

Ba ta ajiye ba.

Ta fito da shi tsakar gida, hayaƙin turaren wuta na bin ta, ta dire shi gindin rijiya. Ɗanta Saifu na goye a bayanta, tari ya sarƙe shi har idonsa ya yi ja.

Ranar sunan jaririyar ƙawarta Zahara'u ce a Tambuwal, Hamdiya ta zo daga garinsu Kebbe. Ɗakin maƙil da mata da yara, rabin yaran na jan majina. Ɗakin kuwa na Inna Marka ne, mahaifiyar Zahara'u, kuma mahaifiyar Malam Sirajo, wanda ke neman auren Hamdiya.

"Kin gani ko, Inna?" in ji Ni'imatu, ɗiyar ƙanen Marka, wadda ta daɗe da sa ran Sirajo. "Tun ba ta shigo ba ta ce ɗakinki na wari!"

"Wallahi ba haka ba ne, Inna... ƙirjinsa ne ba ya son hayaƙi," in ji Hamdiya.

Marka ta dube ta sama da ƙasa, ba ta ɗaga murya ba.

"Ki gai da mutanen Kebbe."

Da yamma Sirajo ya kira ta a waya.

"Hamdiyata, kuka kike?"

"Malam, ka haƙura da ni. Ni bazawara ce, ga ɗa bakwaini. Ubansa ya rasu ina da cikinsa, na haife shi kamar ɗan tsako. Ba ni da kowa sai shi."

"To ni fa, sanyin idona? Ni ba kowa ba ne?"

Ta share hawayenta.

"Inna ta ce in bar maganar," ya ce a hankali. "Ni'imatu ta faɗa mata wai tibi gare shi, tarin fuka, zai shafa wa gida. Ba zan saɓa wa Inna ba... amma ba zan daina roƙonta ba."

Bayan 'yan kwanaki mura ta kama Saifu. Hamdiya ta ɗauka irin ta kullum ce. Sai wata safiya ya ƙi nono. Ta ɗaga rigarsa ta ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk numfashi, hancinsa na buɗewa, wani siririn fito na fita daga ƙirjinsa.

A asibitin Kebbe aka ce ta wuce Tambuwal, yana buƙatar iskar oksijin.

Lambar waya ɗaya ta zo mata a rai, ta Sirajo.

Sirajo na aji a makarantar da yake koyarwa a Dogon Daji. Ya nemi izini, ya tako babur har Kebbe, ya ɗauko su. Duk ramin da suka faɗa a hanya sai ya ce, "Yana numfashi?"

"Yana yi..."

"Riƙe shi da kyau, masoyiya. Mun kusa."

Aka sa wa Saifu robar iska a hanci, aka ba su gado. Sirajo ya tare a barandar asibitin, shi ne sayo magani, shi ne ɗebo ruwa.

Labari ya kai wa Marka. Ta yafa mayafi ta taho da niyyar tisa ƙeyar ɗanta gida.

Tana shiga ta tsaya cak.

Hamdiya na zaune bakin gado, ta rame, hannunta a kan ƙirjin yaron, leɓenta na motsi da addu'a. Ba ta ma ga shigowarta ba.

Marka ta tare ma'aikaciyar jinya, Sista Rabi'atu.

"Ɗiyata, wanga yaro... tibi na?"

"A'a Mama, ba tibi ba ne. Ƙwayar cutar mura ce, irin wadda ke yawo gida-gida. Babba zai yi atishawa ya warke. Amma jariri, ko bakwaini irin wannan da huhunsa bai gama ƙwari ba, ko yaron da ba ya samun nono da abinci sosai, ko mai ciwon zuciya, sai ta sauka musu a ƙirji."

"To mi ka kawo ta?"

"Cinkoso da masu mura. Hayaƙi kuma na ƙara tsananta ta, na itace, na taba, har na turare. Kina da ƙananan jikoki?"

Jaririyar Zahara'u ce ta faɗo wa Marka a rai, kwance a ɗakin nan nata, kowa ya shigo ya ɗauka ya sumbata.

Ta matsa bakin gadon a hankali.

Hamdiya ta zabura za ta durƙusa.

"Zamna," in ji Marka. "Yaushe rabonki da kwana?"

"Ban sani ba, Inna."

"Kwanta nan bisa tabarma. Ni nika tsaron shi."

"Inna, in ya..."

"Na yi goyo tun ba a haife ki ba. In numfashinai ya sake, ni ka tashe ki."

Hamdiya ta kwanta. Hawaye na gangara mata zuwa kunne, barci ya ɗauke ta.

Ba ta farka ba sai la'asar. Saifu ya buɗe ido, ya damƙe yatsan tsohuwar ya ƙi saki.

A ranar da aka cire masa robar ya kama nono, Marka ta fito baranda ta sami ɗanta.

"Kai kuma ka tai ka yi wanka, ka koma makaranta. Ka biya wurin kawunka Haliru, ka ce ni ce, su shirya zuwa Kebbe neman aure."

"Inna...!"

"Ka rufe min baki. Ni'imatu kuwa ni san abin da za ni ce mata."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Da 'yan kawo amarya suka watse, Sirajo ya shigo yana waige-waige.

"Ina ɗana?"

Hamdiya ta yi dariya cikin mayafi.

"Inna ta goye shi tun azahar. Ta ce ka je ka nemi naka, wannan mijinta ne."